Daga Kano zuwa Shomolu da Mushin, neman sitikar da rana ba za ta ci ba

Allon wani mai shagon magani a unguwarmu ne ya tayar da ni zuwa Legas. Shekara 11 na yi ina rubutun allo da fenti da buroshi a hannun maigidana, har ya yaye ni da albarka. Da na ga kasuwa ta karkata wajen masu yanka haruffa da inji, sai na fara karɓar aiki ina kaiwa a yanka mini, ni kuma in liƙa. Allon mai maganin nan yana cikin ayyukana na farko. Fari ne tas, rubutu ja da kore, ranar da muka ɗaga shi har masu wucewa sai da suka tsaya kallo. Bazara ɗaya ta wuce, damina ta biyo baya. Wata rana na bi ta ƙofar shagon sai ya kira ni. Bai yi faɗa ba, hannu kawai ya ɗaga ya nuna mini sama. Kowane harafi ya tsuke ya ja jiki, ya bar zoben gam a kewayensa, ƙura ta kama gam ɗin ya yi baƙi ƙirin. Jan ya koɗe kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ya ce, "Malam, wanda maigidanka ya rubuta wa mahaifina da fenti har yau yana nan." Na kwana da wannan magana a raina. Na ce masa ya ba ni lokaci, zan sake masa ba tare da ya biya ko sisi ba, amma sai na gane abin da ya ci wannan.

Na zaga wajen masu sayar da sitikar a Sabon Gari, kowa na tambaya sai ya ce tasa mai kyau ce. Daga ina take zuwa? Legas. To, tunda dama na yi niyyar buɗe shagona in sayi injin yanka na kaina, na ga gara in je bakin rijiya in sha. Na haɗa kuɗin adashe da na babur ɗina da na sayar, na tashi a tsakiyar Fabrairun 2025, saura kamar mako 2 a kama azumi, lokacin da masu shaguna ke fara tunanin gyara allunansu saboda kasuwar Sallah.

Daga tashar New Road muka tashi bayan la'asar. Zariya, Kaduna, Abuja, duk cikin duhu muka ratsa yawancinsu. Na farka daidai lokacin da muke haye kogin Kwara a gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, muka tsaya a Lokoja aka ci abinci, sannan Okene, Akure, Ibadan. Tun daga Ibadan iska ta canza, ta yi nauyi, riga ta fara manne wa jiki. Mun baro hunturu da busasshen leɓe, mun shigo gumi. Ni kuwa duk tsawon hanyar alluna nake kallo, na coci-coci da na makarantu da na gidajen mai, ina lura da wanda ya koɗe da wanda ya tsaya.

A Agege na sauka, wajen kawuna mai sana'ar goro, a unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango. Bayan sallar isha'i na zayyana masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ɗana, ban san sitika ba, amma na san Ikko. Gobe kada ka fito da ko naira ɗaya. Ranar farko ta ido ce da kunne."

Washegari na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa Oshodi, na sake wata zuwa Onipanu a kan titin Ikorodu, na gangara cikin Shomolu da ƙafa. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya gane yawan ɗab'in da ake yi a wurin. A titin Bajulaiye da Shipeolu da lungunan da ke tsakaninsu, kusan kowace ƙofa inji ne ke aiki a bayanta. Ƙarar janareto ba ta yankewa, warin tawada ya cika hanci, yara na tura baro cike da takarda, wani ya ratso da naɗin bana, wato ledar da ake buga talla a kai, mai faɗin mita 3.2 a kafaɗa yana neman hanya. Kalanda, katin biki, littattafan makaranta, fastocin 'yan siyasa, duk a titi ɗaya. Na shiga shago ya fi 10. Kafin mai shago ya faɗa maka farashi sai ya duba wayarsa tukuna, domin kayan duk ta ruwa suke shigowa, ta tashoshin Apapa da Tin Can, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashinsu bin dala yake yi kamar jela. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farar sitika iri uku da aka shimfiɗa mini a kan tebur ɗaya. A ido babu bambanci, a hannu ma da ƙyar, amma ta ukun ta ninka ta farkon kuɗi fiye da sau uku. Na tambayi yaron shagon dalili, ya ce waccan ta Jamus ce. Iyakar abin da ya sani ke nan. Na koma Agege da littafina cike da farashi, kaina kuwa babu amsar da na zo nema.

A rana ta biyu na hau jirgin ƙasan nan na Red Line da aka fara aiki da shi a 2024, daga tashar Agege zuwa Mushin, na huta da cunkoson Oshodi. Wani mai buga bana a Shomolu ne ya yi mini kwatancen wani dattijo Bayerabe a Mushin, ya ce in ina son bayani ba ciniki kaɗai ba, can zan je. Shagon ƙarami ne, amma abin da na fara lura da shi shi ne babu naɗi ko ɗaya a kwance a ƙasa. Duk a tsaye suke, ko a rataye a kan sanduna, kuma babu wanda rana ke taɓawa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, daga Kano nake." Na nuna masa hoton allon mai magani a wayata. Ya ƙura masa ido, ya faɗaɗa hoton da yatsu, ya ce, "Malam, zauna."

Abin da ya koya mini a awa biyun nan ya fi duk abin da na saya daraja. Bainil, wadda mu muke kira sitika, roba ce ta PVC, kuma hanya biyu ake yin ta. Ta farko, a kwaɓa robar da kauri a tura ta tsakanin manyan ƙarafa masu zafi suna murza ta suna miƙar da ita har ta yi siriri. Ta biyu, a narkar da ita ta zama ruwa a zuba a kan shimfiɗa, a gasa ta bushe a yadda take. Yana bayani ni kuma ina ganin abin a kicin ɗin gidanmu: ta farko taliyar murji ce, ta biyu kuwa ƙullun sinasir da ake zubawa a tanda. Wadda aka murza an tilasta mata ne ta miƙe, saboda haka duk ranar da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take. Wannan shi ne tsukewar da na gani. Wadda aka zuba ba a taɓa jan ta ba, ba ta da inda za ta koma. A cikin ta murjin ma akwai daraja biyu, gwargwadon sinadarin da aka sa don ta yi laushi. A mai araha, sinadarin yana saurin fita idan rana ta dake ta, sai ta bushe, ta tsuke, ta tsattsage. A mai tsada ya fi zama.

Ya ɗauko wani farantin ƙarfe da ya liƙa wa ƙyallaye daban-daban, kowanne an tsaga shi da reza a tsakiya, tsaga biyu da suka gitta juna. Ya ce ya bar shi a rufin shagon wata da watanni. A wasu, tsagar ta buɗe har ana ganin ƙarfe. A wasu kuwa sai ka shafa da farce kafin ka san an tsaga. Na riƙe farantin nan na daɗe ina juya shi.

Sai ya buɗe mini littafin launuka na Oracal, wanda kamfanin Orafol da ke Oranienburg kusa da Berlin yake yi, ya nuna mini lambobin. Lamba 641 ita ce ta ƙasa, an rubuta mata shekara 3 zuwa 4 a waje. Lamba 651 ta tsakiya, shekara 4 zuwa 5. Lamba 751 zubabbiya ce, shekara 7 zuwa 8. Fari da baƙi su ne ke kai ƙarshen adadin, masu launi kan gaza da kamar shekara guda. Na fara murna ina lissafi, sai ya sa yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar bayanin. Shekarun nan an auna su ne a kan allon da ke tsaye, a yanayin tsakiyar Turai. Ya ce, "Ranar Jamus ba ranar Legas ba ce, ta Legas kuma ba ta Kano ba ce. Ku da kuke haura digiri 40 a Afrilu, ka rage adadin nan sosai a ranka kafin ka yi wa mutum alkawari. In kuma a kwance za ka liƙa, kamar kan rufin mota, ka ƙara ragewa." Nan na gane cewa wadda na liƙa wa mai magani ko sunan kamfani babu a bayanta. Irin wadda ake yi don tallan wata biyu ce ko adon cikin ɗaki, ni kuwa na ɗora ta a allon da ke fuskantar yamma.

Ban ce sitika mai araha ba ta da amfani ba. Tana da shi. Mai taron biki, mai sanarwar rangwamen Sallah, ɗan takarar da allonsa ba zai wuce zaɓe ba, duk zalunci ne ka caje su kuɗin zubabbiya. Laifin shi ne ka sayar wa mai neman shekara biyar abin wata shida, kuma a ganina yawancinmu ba da mugunta muke yi ba, rashin sani ne, domin mai sayar mana ma bai sani ba.

Dattijon ya ƙara mini abu biyu. Na ɗaya, sunan da aka buga a takardar baya ba shaida ba ce ita kaɗai, akwai masu buga sunan da ba nasu ba. In duba lambar da ke jikin kwalin da ta cikin bututun naɗin, in gwada launin da na littafi, in kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima, in bar shi. Na biyu, sitika tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Shekara 2 masu yin ta ke ba ta a ajiye, a wuri mai sanyi kamar digiri 20. Shagon kwano a Kano kuwa kowa ya san yadda yake da azahar. Ya ce kada in kwashi abin da ba zan ƙarar a wata shida ba, ko da kuɗin ya isa. Mutumin da ke sayar da kaya yana hana ni saye da yawa. Shi ya sa na amince da shi.

Rana ta uku ta inji ce. Na ga Roland da Graphtec, 'yan Japan, na shafa su na wuce, domin ɗaya daga cikinsu zai cinye jarina gaba ɗaya. Na tsaya a kan ɗan China mai ɗaukar sitika mai faɗin santimita 63. Mai shagon ya yanka mini manyan haruffan Turanci, suka fito sumul, ya miƙo hannu a biya. Na ce ya dakata. Na fito da filashina, na buɗe aikin da na shirya a manhajar zane ta CorelDRAW tun daga gida: "Ɗanɗano", "ƙwaƙwalwa", "ɓawo", da layi ɗaya na rubutun Larabci, duk a tsayin da bai kai santimita 2 ba. Aikinmu a Kano ba ya rabuwa da waɗannan. Allon Islamiyya, allon masallaci, sunan shago da Hausa. Lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ, da ɗigon ba da ta da nun, su ne ke tona asirin inji. Gwajin farko, lanƙwasar ɗ ta fito da ƙaho, ɗigo uku suka tashi suka manne a wuƙa. Yaron da ke kula da injin ya rage tsinin wuƙar har ya zama da ƙyar ake jin sa a yatsa, ya rage gudu, ya daidaita tazarar juyawar wuƙa zuwa milimita 0.25. Gwaji na uku na sa tsinke na ɗaga abin da ba a so, ya taso gaba ɗaya kamar fatar madara, kowane ɗigo yana zaune a wurinsa, takardar baya kuma ko ƙarzane babu. Sannan na biya. Yaron ya tambaye ni waɗanne irin haruffa ne masu ƙugiya, na ce masa in ka cire ƙugiyar, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne ke da su ba, wasu sai na zana ƙugiyar da hannuna in haɗa.

Na sayi wuƙaƙe masu digiri 45 na aikin yau da kullum, da 'yan kaɗan masu digiri 60 don sitika mai kauri irin mai ƙyalli da daddare, wadda masu adaidaita sahu da manyan motoci ke nema. Ita wannan a cikin shago na gwada ta, na sa aka kashe fitila na haska ta da tocilar waya daga nesa. Na sayi tef ɗin ɗaukar haruffa naɗi biyu, da katin goga mai laushin baki, da ƙaramar na'urar riƙe wuta, domin in wuta ta ɗauke inji yana tsakiyar yanka, mitar sitikar nan ta tafi.

A wani shago kuma na kusa yin asara. Ina neman sitika mai araha ta ayyukan ɗan lokaci, mai shagon ya ce naɗinsa hamsin ne, farashinsa kuma ya fi na maƙwabcinsa sauƙi kaɗan. Har an fara ɗaurewa sai idona ya kai kan takardar kwalin. Hamsin ɗin yadi ne, ba mita ba. Yadi 50 mita 45.7 ne, wato sama da mita 4 babu a kowane naɗi. Da na yi lissafi a kan mita, nasa ya fi tsada. Na nuna masa, ya ce ai bai ce mita ba. Gaskiya ne, bai ce ba. Na ɗauki kuɗina na koma wajen maƙwabcin. Duk ɗan Kano da ya taɓa sayen yadi a Kwari ya san wannan bambanci, amma a nan ba ka tsammaninsa, shi ya sa yake wucewa.

Ledar bana ban saya ba, tunda ba ni da babban injin bugawa, sai dai na koyi riƙe ta in san mai giram 440 daga marar nauyi, don in na kai bugu kada a canza mini. Daga wajen dattijon na ɗauki ainihin jarina: cikakken naɗi na fari da baƙi da ja da shuɗi da kore a daraja ta tsakiya, sai mita goma-goma na zubabbiya a ja da kore da baƙi. Da zan tafi ya yanko mini ƙyallaye daga kowane iri da ke shagonsa, har da waɗanda ban saya ba, ya rubuta sunan kowanne a baya, ya ce, "Kai wa ranarku ta yi mana hukunci. In ka dawo ka faɗa mini." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Injin ban yarda ya rabu da ni ba, da shi na hau mota, a naɗe cikin bargon da kawu ya ba ni. Naɗe-naɗen kuwa kawu ya raka ni wajen masu lodin kaya zuwa Arewa, aka rubuta mini takardar kaya. Na roƙi yaran lodi su tsayar da kwalayen, na zana kibiya a jikin kowanne. Bayan kwana 6 suka iso Kano. Huɗu lafiya lau. Na biyar an kwantar da shi an ɗora masa kaya mai nauyi, naɗin shuɗin ya baje ta gefe ɗaya, kowane taki sai ka ga layi a fuskarsa. Mita kusan 7 na warware kafin na kai inda ya koma daidai. Na ajiye su don ƙananan haruffa, inda za a iya kauce wa layin.

A makon farko na azumi na sauke allon mai magani. Na kankare tsohuwar sitikar, na wanke gam ɗin, na goge da sifirit har sai da farin ƙyalle ya daina ɗaukar datti. Da sassafe na liƙa, kafin ƙarfen ya yi zafi, da zubabbiyar ja da kore. Ya fito ya tsaya a bayana har na gama, ya sa babban yatsa ya bi gefen harafin farko, ya ce, "Allah ya sa albarka, Malam." Ya so ya biya, na tuna masa alkawarina.

Ƙyallayen dattijon kuwa na liƙa su a kan guntun kwano, guda 9, na tsaga kowanne da reza yadda na ga ya yi, na rubuta kwanan wata, na ɗora a rufin shago yana kallon yamma. Ranar 1 ga kowane wata nakan sa tsani in hau. Zuwa ƙarshen Mayu, biyu masu arahar nan tsagarsu ta buɗe har farcena yana shiga, jan cikinsu ya fara komawa ruwan hoda. Na tsakiyar sun buɗe kamar silin gashi. Zubabbun uku har yanzu sai na shafa nake gane inda rezar ta bi. Na ɗauki hoto na aika wa dattijon, yanzu kuma duk wanda ya zo yin allo ya ce in yi masa mai sauƙi, nakan sauko da kwanon in ajiye a gabansa, in tambaye shi shekara nawa yake so allon ya yi, kuma wace kusurwa shagonsa yake kallo.